Yadda ake zaɓen tayar gaba da ta baya a mashin, dole ne sai sun zama iri ɗaya?

Tambayar nan bata ƙarewa a nan Gadarif ta gabashin Sudan, musamman idan karif, wato damina, ya matso kowa ya fara duba ƙafafun mashin ɗinsa kafin ruwa ya sauka. Tayar baya ta suɗe, ta gaba da sauranta, kuɗin da ke hannu na taya ɗaya ne, sannan kaje kasuwa ka tarar irin wadda ke jikin mashin ɗin naka babu ita, don tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kaya basa zuwa ta Khartum yadda aka saba, abin da ya iso daga Bur Sudan shi zaka gani a rataye. Toh in ka sa wata daban akwai matsala? Amsar a gajarce, ba a komai ake so su zama ɗaya ba, a girma ma kuskure ne su zama ɗaya in ba haka kamfani ya ƙera mashin ɗin ba, amma akwai abubuwan da in suka saɓa tsakanin gaba da baya kana wasa da ranka ne da ran wanda ka goya.

Mu da muke garin tarakta bai kamata abin ya bamu mamaki ba, kowa ya san ƙafar gaba ta tarakta daban ta baya daban saboda aikinsu ba ɗaya bane. Haka mashin yake. Ta baya ita ke tura mashin kuma ita ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ta gaba ita ke shan kwana kuma in ka taka birki nauyi kanta yake komawa, masu koyar da tuƙin babur suna cewa wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga gaba yake fitowa. Shi yasa ta gaba take da siriri da ƙugu a zagaye don ta kwanta cikin sauƙi, ta baya kuma ta fi faɗi da kaurin jiki. Riƙe wannan a ranka, duk matakan da ke ƙasa daga nan suka fito.

Mataki na farko, tambayi mashin ɗin kafin ka tambayi mai shago

Kafin ka fita daga gida durƙusa ka duba jikin murfin cen ko ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, yawancin mashina suna zuwa da ƴar takarda a manne wadda ta faɗi girman tayar gaba da ta baya da yawan iskar da ake sa musu. In rana da wanki sun cinye takardar, duba littafin mashin ɗin in kana da shi. In shima babu, goge jikin rim da tsumma zaka ga an buga lamba a ƙarfen, misali 17x1.60 ko 17x1.85, ta farko girman rim ne a inci, ta biyu faɗinsa. Kar ka dogara da tayar da ke jiki kawai in mashin ɗin na hannu ka saya, domin wanda ya riƙe shi kafin kai wataƙila shima abin da ya samu ya sa.

A ƙananan mashina irin namu masu cc 100, su Boxer ƙarama da ƴan uwanta, abin da aka fi gani shine 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Masu inji irin na Honda CG da yawa rim 18 gare su. Kaga tun daga kamfani ma ba ɗaya suke ba. Rubuta lambobin biyu a takarda ko ka ɗauki hotonsu a waya, da su zaka shiga kasuwa.

Na biyu, koyi karanta gefen taya

Nan ne zan ɗan daɗe don nan aka fi cutar mutane, kuma ba wai wahala gare shi ba. In kaga 3.00-17, faɗin tayar inci 3 ne, rim ɗinta inci 17. In kaga 90/90-18, wannan lissafin milimita ne, faɗi milimita 90, tsayin gefenta kashi 90 cikin 100 na faɗin, rim inci 18. Tsari biyu ne na rubutu kuma suna da kusanci da juna, 2.75 tana kusa da 80/90, 3.00 tana kusa da 90/90, 3.25 zuwa 3.50 kuma wajen 100/90. Saboda haka in mai shago yace maka babu 3.00-18 amma ga 90/90-18, bai yi maka ƙarya ba, zata zauna. Lambar ƙarshe ce babu ciniki a kanta, 17 sai rim 17, 18 sai rim 18, duk wanda yace zai matsa maka ta shiga da liba ɗauki rim ɗinka ka tafi.

Bayan girman zaka ga wata lamba da harafi ɗaya a manne, kamar 41P ko 50P ko 55P. Mutane da yawa basu taɓa kallonta ba alhali ita ce ke faɗa maka nauyin da tayar zata iya ɗauka. 41 na nufin kilo 145, 45 kilo 165, 48 kilo 180, 50 kilo 190, 52 kilo 200, 55 kilo 218. Harafin kuma iyakar gudu ne, J kilomita 100 a awa, L 120, P 150, S 180. Mu gudun ba shine damuwarmu ba, wace Boxer ce zata kai 150, nauyin ne abin dubawa. Yi lissafi da kanka, mashin shi kaɗai ya haura kilo 100, ga kai, ga buhun dawa mai kilo 90 ka ɗaure a kariya wanda kusan duk nauyinsa a kan ƙafar baya yake sauka. In tayar da ke baya mai lamba 41 ce wadda asalinta ta gaba ce, ka wuce ƙarfinta tun baka fita daga kasuwar amfanin gona ba. Ga mai ɗaukar kaya ko mai goyon mutum biyu, nemi ta baya mai lamba 50 zuwa sama, kuma in kaga an rubuta 6PR ta fi mai 4PR ƙarfin jiki. Ta gaba bata buƙatar kai wannan, in ta kai abin da kamfani ya rubuta shikenan. Ƙa'idar dai ita ce kana iya haura lambar kamfani, baka sauka ƙasa da ita.

Sai ka nemi kalmar FRONT ko REAR, wasu harafi ɗaya suke sawa, F ko R kusa da kibiya. FRONT ta gaba ce, REAR ta baya. Akwai waɗanda aka yi su don su zauna ko'ina, su zaka ga kibiya biyu a jikinsu, ɗaya na kallon nan an rubuta FRONT ɗaya na kallon can an rubuta REAR. Zan dawo kan kibiyar nan in mun je wajen bansharji, wato mai faci.

Na uku, ƙirar ciki, wannan kam dole ta dace

Tayar mashin iri biyu ce a ciki. Akwai ta gargajiya wadda zarurrukan jikinta suke a gicciye, ita ce lambarta ke da ɗan layi a tsakiya kamar 3.00-17 ko harafin B. Akwai radiyal mai harafin R a tsakiyar lamba, kamar 140/60 R17 ko 120/70 ZR17. Yadda suke lanƙwasa a kwana daban, yadda suke ɗaukar zafi daban, ɗaya gefenta da tauri ɗaya da laushi, in ka haɗa su barkatai sai gaba ya riƙa faɗin wani abu baya na faɗin wani, kan mashin ya kama rawa in ka ɗan sake gudu. Mafi muni shine radiyal a gaba ta gargajiya a baya, a Ingila ma doka ce ta hana hawa titi da wannan haɗin. Akasin haka, wato ta gargajiya a gaba radiyal a baya, akwai mashinan da kamfani ya fito da su a haka kamar Yamaha FZ16, amma injiniyoyinsu ne suka gwada suka tsara mashin ɗin a kan haka, ba abin da zaka ƙirƙira a gindin bishiya bane. Sauƙin abin a wajenmu shine kusan duk tayoyin ƙananan mashina na gargajiya ne, sai dai ka duba kawai don ka tabbata.

Ƴan uwa da ke Jidda ko Riyad masu hawa manyan mashina masu 120/70 ZR17 a gaba da 180/55 ZR17 a baya, ku naku hukuncin ya fi tsauri, ku sa kamfani ɗaya samfuri ɗaya gaba da baya ku huta, don a irin gudun da waɗannan ke yi ƙaramin bambanci ma yana fitowa fili.

Na huɗu, mai tiyub ko tubles

Duba gefen tayar zaka ga TUBE TYPE ko TT, ko kuma TUBELESS ko TL. Nan abin da ake so ya dace shine taya da rim ɗinta. Rim mai sifok iska na fita ta ramukan sifok ɗin, don haka tiyub dole ne ko da tayar tubles ce, kuma babu laifi a sa wa tubles tiyub a irin wannan rim. Abin da ba a yi shine a ɗauki mai TUBE TYPE a ɗora a rim na almuniyam babu tiyub wai ai ta riƙe iska, zata riƙe yau ta riƙe gobe, ranar da zata saki ba zata yi maka sallama ba. In gabanka tubles ce bayanka mai tiyub ba wata matsala a tuƙi. In da zaɓi ma, kuma rim ɗinka na yi, gaba ce ta fi cancantar tubles, domin in ƙayar kitir ta shige ta a hankali iska ke sauka har ka samu ka tsaya, mai tiyub kuwa wani lokaci fuuu take yi lokaci ɗaya, kuma tayar gaba in ta sace kana cikin gudu ba kowa ke iya riƙe kan mashin ba.

Na biyar, zanen taya, a nan ƙasar Gadarif take shigowa

Wanda bai taɓa tuƙi a baƙar lakar nan tamu ba bazai gane dalilin da yasa muke damuwa da zane ba. Da rani ƙasa ta bushe ta tsattsage ta yi tauri, daga Yuni zuwa Oktoba kuma ruwa ɗaya ya isa ya maida hanyar gona sabulu mai danƙo. Shi yasa samari da yawa ke zuwa su sa mai manyan haƙora a baya su bar mai layi-layi ta kwalta a gaba, wai ai baya ce ke tura mashin. Eh baya zata tura, matsalar kenan ma. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro a hanyar ƙauye bayan ruwan dare, ya goyo jarka biyu, tayar baya sabuwa fil mai haƙora tana haƙar laka tana watsawa sama, ta gaba kuwa laka ta cike layukanta ta zama sumul, ya juya kai dama mashin ya ci gaba da tafiya miƙe abinsa har ya kwanta da shi a hankali cikin kwatami. Allah ya tsare ba gudu yake ba. Baya ta samu riƙo, gaba bata samu ba, sai baya ta tura gaba inda bata iya tsayawa.

Don haka a zane ana so su zama dangi ɗaya. In harkarka kwalta ce, kana tsakanin gari ko kana bin titin Faw ko na Shuwak, sa na kwalta gaba da baya. In rabin tafiyarka gona ce rabi gari, akwai masu zane matsakaici, haƙora gajeru a jere kusa da juna, sa su duka biyun. In duk karif a cikin laka kake, masu haƙora duka biyun, amma ka san a kan kwalta basa riƙo kamar na kwalta musamman in ta jiƙe, suna ƙara, suna saurin cinyewa, kuma birki na ƙara tsawo. Ba wai zanen sai ya zama hoto ɗaya ba, su kansu kamfanoni in sun yi saiti zaka ga zanen gaba daban na baya daban, aikin da aka yi su dominsa ne ake so ya zama ɗaya. In kuɗi bai kai ba kuma dole ɗaya ce zata fi riƙo, wallahi gara ta gaba ta fi. Baya in ta zame sau da yawa kana iya gyarawa da ƙafa da sassauta mai, gaba in ta zame sai dai ka ji ka a ƙasa.

Wani abu kuma da ƴan gari basa tunawa, in ka sa mai haƙora ko wadda ta fi girma a gaba, tazarar da ke tsakanin taya da madigadi tana raguwa, lakar nan kuma tana taruwa a wurin har ta cushe ƙafar ta daina juyawa gaba ɗaya. Sa yatsunka biyu tsakanin taya da madigadi bayan an ɗaura, in basu shiga ba a ɗaga madigadin ko a koma girman asali.

Na shida, maganar kamfani

MRF a gaba CEAT a baya, ko Kenda da CST, ko Duro da wata ƴar Chaina da baka taɓa jin sunanta ba, ya halatta? Masu ƙera taya zasu ce maka ka sa nasu gaba da baya, kuma ba son ciniki kaɗai bane, da gaske suna tsara ƙugun ta gaba da na ta baya su riƙa kwanciya tare, robar ma ta riƙa ɗumi tare. In ka samu saiti kuma aljihu ya yarda shi ya fi, babu musu. Amma a mashin mai cc 100 ko 150 da ke yawo a kilomita 50 zuwa 70, in girma ya yi daidai, lambar nauyi ta kai, ƙirar ciki ɗaya ce, zane dangi ɗaya ne, bambancin suna ba zai kashe ka ba. Ni abin da na fi tsoro shine bambancin inganci. Taya mai kyau a baya da wata busasshiyar roba mai arha a gaba, wannan haɗin ya fi haɗa sunaye biyu masu kyau haɗari nesa ba kusa ba. Danna farcenka a jikin zanen, roba mai rai tana ɗan nutsawa ta dawo, wadda ta yi tauri kamar robar bokiti kuwa zata daɗe bata cinye ba, shi yasa ake yabonta a majalisa, amma ranar da aka yi yayyafi a kan kwalta zaka gane kuɗin da ka rage ba riba bane.

Na bakwai, in ɗaya kawai zaka canza

Wannan shine halin da yawancinmu ke ciki kuma ba laifi bane. Ta baya tana cinyewa kusan ninki biyu na ta gaba, don haka abu ne sananne a canza baya sau biyu kafin a canza gaba sau ɗaya. Sai dai kafin ka ce ta gaba da sauranta, duba ta da kyau a cikin haske. Nemi haruffan TWI ko ɗan alamar kusurwa uku a gefenta, ka bi shi zuwa cikin ramin zanen zaka ga ɗan tudu, in saman taya ya zo daidai da tudun nan ta gama aiki. Shafa tafin hannunka a kanta ta zagaye, in kaji tudu da kwari kamar matakala to ta ci ba daidai ba kuma ita ke sa kai rawa. Duba gefe ko akwai ƙananan tsaga ko kumburi. Sannan nemi shekarunta, a ƙarshen layin da ya fara da DOT ko a cikin wani ɗan zagaye akwai lamba huɗu, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Taya in ta haura shekara biyar sai a riƙa sa mata ido ko da zanenta na nan, a irin zafinmu da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu kuwa roba ta fi saurin tsufa. Wannan lambar ka duba ta a sabuwar da zaka saya ma, musamman waɗanda ake ratayewa a ƙofar shago rana na dukansu, ka ce a ɗauko maka ta ciki.

Abin da nake roƙon kowa ya bari shine dabarar juye, wato a sayi sabuwa a sa a baya sannan tsohuwar bayan a maida ta gaba don rim ɗinsu ɗaya ne. Tayar baya da ta sha doguwar kwalta tsakiyarta ya baje ya zama fili da kusurwa a gefe, in ta koma gaba mashin zai ƙi kwanciya a kwana sannan in ya hau kusurwar ya faɗa lokaci ɗaya. Maida ta gaba baya kuma mun riga mun yi lissafin nauyinsa.

Haka masu son faffaɗar taya don ado. In ka ƙara mataki ɗaya a baya, misali daga 3.00 zuwa 3.25, kuma rim ya ɗauka, yawanci ana wucewa lafiya. Amma in ka matsa babbar taya a siririn rim, rim ɗin zai tsuke ta ƙugunta ya yi tsini, abin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, ga shan mai, ga gugar cen ko murfinsa. A gaba kam bar ta yadda kamfani ya sa, ƙarin faɗi na sa kai nauyi, kuma a mashinan da wayar maleji ke fitowa daga ƙafar gaba lissafin gudun ma sai ya canza.

Na takwas, a wajen bansharji kar ka tafi shan shayi

Tsaya a kansa har a gama. Yawancin lokaci ba usta, wato maigidan wajen, ne ke ɗaurawa ba, yaransa ne, kuma yaro na sauri don layi ya yi tsawo. Kafin a fara nuna masa kibiyar, dole ta kalli inda ƙafa ke juyawa in mashin na tafiya gaba. In mai kibiya biyu ce, a bi ta FRONT in gaba za a sa, ta REAR in baya. Dalilin da yasa suke saɓawa shine ƙarfin da ke jan tayar baya na tashi ne, wanda ke jan ta gaba na birki ne, kuma suna zuwa ta fuskoki biyu, an tsara zanen da haɗin robar ne su jure ta fuskar da ta dace. In an juya, yi magana cikin mutunci, "Usta don Allah a duba min kibiyar nan, kamar ta kalli baya." In yace "Haba ɗan uwa, ai duk ɗaya ne, taya ce zagayayya," ka ce masa "Na yarda Usta, amma a juya min ita, zan ƙara kuɗin aiki." Minti goma ne.

Sabuwar taya sabon tiyub, kuma mai girman da ya dace da ita, lambar na jikinsa. Tsohon tiyub ya riga ya buɗe, in ya shiga sabuwar taya yana naɗewa a ciki kuma wurin naɗin ne ke tsagewa. A duba robar da ke rufe kawunan sifok a cikin rim, in ta tsinke a canza, a goge tsatsa, a shafa hannu a cikin tayar ko da wani abu ya maƙale. In akwai ɗigon fenti rawaya a gefen tayar a daidaita shi da bawul. Wajen zaunar da baki ruwan sabulu ake shafawa, kar ka yarda a shafa baƙin mai ko gas, suna cin roba kuma suna sa taya ta riƙa zamewa a kan rim. Bayan an buga iska kalli siririn layin da ke zagaye da tayar kusa da bakin rim, tazararsa da rim ta zama ɗaya ko'ina a ɓangarorin biyu, in wani wuri ya nutse a sace iska a sake. Ɗaga mashin a kan jak ɗinsa na tsakiya a juya ƙafar da hannu, kalli ko tana lilo, saurari ko tana gugar wani abu. In baya aka kwance, a tabbata alamomin daidaita cen na hagu da dama suna kan layi ɗaya, in ba haka ba ƙafar baya bata bin sawun ta gaba kuma duk tayar da ka sa sai mashin ya riƙa ja gefe. Birkin baya ma a sake saita shi a taka a gani kafin ka hau.

Na tara, iska

Ita ma ba ɗaya bace gaba da baya. Abin da ke jikin takardar mashin ɗinka shine gaskiya, amma a ƙananan mashinan Indiya abin da aka saba gani shine wajen 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo ko kaya, a ma'aunin PSI. Da geji ake aunawa, bugun taya da ƙafa ko matsawa da yatsa ba awo bane, kuma da safe kafin ka hau lokacin tayar na sanyi. Akwai masu rage iska da tsakar rana wai kar zafi ya fasa taya, don Allah a bari. Iska na ƙaruwa kaɗan in taya ta yi zafi kuma an yi lissafin hakan tun a kamfani, ƙarancin iska ne ke sa gefen taya ya riƙa lanƙwasa yana ɗaukar zafi har zare ya rabu, musamman a baya da kaya a kan doguwar hanya irin ta Doka zuwa Gallabat. In ka rage kaɗan don ka ratsa laka ko yashi babu laifi, amma kar ka sauke da yawa a mai tiyub, don tayar na iya murɗawa a kan rim ta ja tiyub ta fizge bawul, kuma da ka fito kwalta ka nemi famfo ka mayar.

Sai gwaji. Sabuwar taya saman ta na da santsi, kilomita 100 zuwa 150 na farko a bi a hankali, ba birkin gaggawa ba kwanciya sosai a kwana, balle in sabuwar ce a gaba. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso ka tafi a wajen 40, ka sassauta riƙon hannunka kaɗan ba tare da ka saki ba, ka ji ko kai na kaɗawa ko mashin na ja gefe ɗaya. Sha kwana hagu da dama a hankali, mashin ya kwanta sumul ba sai ka danne shi ba kuma ba ya faɗa da kansa ba. In kaji rawa, fara da duba iska, sannan zaman bakin taya, sannan layin ƙafar baya da sifok da boris na wuya, in duk waɗannan lafiya suke kuma rawar ta fara ne daga ranar da aka sa sabuwar, to tayoyin biyu ne basu jitu ba, koma shagon tun tana sabuwa ka nemi canji ko ka tara kuɗi ka sayo ƴar uwarta. Washegari da safe sake auna iska ka ga ko ta sauka, ka sa sifana a notin ƙafar da aka kwance ka tabbata a ɗaure yake da fil ɗin da ke kulle shi a ciki.